Inna a Bencin 'Yan Lekkol

Shekarar da nake aji na biyu a kwaleji, likitan Tamanrasset ya gaya wa Baba cewa ƙanwata, autarmu, tana da huji a zuciya, kuma ba a nan za a iya yi mata aiki ba, sai an kai ta arewa, can Alje, babban birnin ƙasar. Shekararta huɗu a lokacin. In ta ɗan yi gudu a tsakar gida sai ta durƙusa, leɓunanta su yi shuɗi, tana jan numfashi kamar wadda aka tsamo daga rijiya. An ce za a kira mu da zarar gado ya samu, wataƙila bayan sanyi ya wuce. An kuma ce a ɗakin yara na can uwa kaɗai ake bari ta zauna da majinyaci. Baba zai raka su, ya ajiye su, ya komo shago. Daga nan sai Inna ita kaɗai.

Inna kuwa ba ta jin Larabci. Tun da aka kawo ta daga Damagaram take zaune a unguwar Tahaggart, a gidan haya da muke rabawa da wasu iyalai daga Maraɗi da Agadas. Maƙwabtanmu Buzaye ma da Hausa suke yi mata magana. Cefane Baba ke yi. In takarda ta zo ni ke karantawa. Bayan Larabcin salla, abin da ta sani bai wuce gaisuwa ba. Sai ga shi za ta zauna makonni a tsakiyar mutanen da ba wanda zai gane in ta ce yarinya ba ta numfashi.

Baba ya gwada koya mata da kansa. Larabcinsa na kasuwa ne, nawa ne, rage mini, kawo gobe. Da ta faɗi kalma ba daidai ba sai ya yi dariya, ita kuma ta tashi ta shiga kicin. Ni ne na iya, ni ne nake zuwa na ɗaya a ajinmu a Larabci, amma ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama inda na zauna. Kakata ce ta raine ni a Damagaram har na isa shiga lekkol, makarantar boko, sannan aka kawo ni. In Inna tana son in ɗebo ruwa, sai ta ce da bango, "Randa ta ƙafe, ko akwai mai ji." In ta zuba mini abinci, sai ta ce da Auta, "Kai wa wancan." Ban taɓa ganin laifin haka ba. Na san in na yi zazzaɓi tana tsaye bayan ƙofa har gari ya waye.

A shekarar ne aka buɗe ajin tsofaffi a lekkol ɗinmu. Ranar Litinin da Alhamis da yamma ba ma karatu, sai aka ba su aji ɗaya da ke kusa da famfo. Daga baya da suka yi yawa aka bar musu shi kullum, muna ciki suna ciki. Za ka ga dattijo daga Idlès, wanda ya bar garkarsa ya dawo gari wurin 'ya'yansa, ya naɗe rawani har hanci, ya cusa dogayen ƙafafunsa ƙarƙashin teburin yara, gwiwoyinsa na ɗaga teburin. Za ka ga tsofaffin mata suna riƙe alli kamar za su yi kaɗi da shi. Da hutu muna layin famfo tare da su, yara na dariya a ɓoye, su kuma suna raba mana dabino daga aljihu. Mu'allimar da ke koya musu matashiya ce daga arewa, mai fara'a da saurin magana. Ita ta shigo ajinmu ta nemi 'yan lekkol da za su riƙa zama kusa da tsofaffin suna kama musu hannu. Ban ɗaga hannu ba, ban taɓa ɗaga hannu a kan komai ba, malaminmu ne ya nuna ni.

Wadda ta ja Inna zuwa ajin wata tsohuwa ce daga Maraɗi, mai suyar ƙosai a bakin layinmu. Tun ina ƙarami take kirana mijinta. Ta shigo gidanmu ta ce da Inna, "Tashi mu tahi. Ni da ba ni da haƙori ma ina zuwa. Ki zauna nan, ɗiyarki ta shiɗe a hannunki can, ki yi masu Hausa?" Washegari na hango Inna daga tagar ajinmu, ta yafa babban mayafinta, Auta goye a bayanta, tana tsallaka filin lekkol tana kallon ƙasa.

Na yi murna ranar har na kasa bin darasi. Ban san abin da ke jirana ba.

Da mu'allima ta ji cewa sabuwar ɗalibar uwata ce, sai ta tafa hannu. Ta ce ba a taɓa samun dacewa irin wannan ba, uwa da ɗanta a benci ɗaya. Ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da Inna. Bencin na yara biyu ne, kafaɗata ta taɓa mayafinta. Na ji ta janye jiki har ta kusa faɗuwa ta wancan gefen. Ni ma na matsa, rabin jikina a waje. Haka muka zauna, Auta a cinyarta tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Darasin ranar kuwa na gabatar da kai ne. Kowa ya miƙe ya ce sunana wane, ina da 'ya'ya kaza, sunan babbansu wane. Dattijon Idlès ya faɗa, aka tafa masa. Mai ƙosai ta faɗa, ta haɗa da Hausa, aka yi dariya. Aka zo kan Inna. Mu'allima ta faɗi jimlar a hankali, Inna ta maimaita sunanta da muryar da ba ta fi ta sauro ba. Sai mu'allima ta dafa kaina ta ce, "Wannan fa? Ɗanki, sunansa?"

Inna ta kawar da kai tana kallon taga.

Mu'allima ta ɗauka ba ta gane ba. Ta sake faɗa, tana nuna ni da yatsa. Ta ce in fassara mata. Na sunkuyar da kai ina kallon tebur. Ta faɗi sunana da kanta, gaɓa-gaɓa, ta ce Inna ta maimaita kawai. Wasu 'yan ajinmu Larabawa da ke zaune da nasu tsofaffin suka fara ƙyalƙyala, ɗaya ya ce uwarsa ta manta sunansa. Mai ƙosai ta ɗaga murya da Hausa, "Ke yarinya, bar ta! Ɗan hwari ne!" Mu'allima ba ta jin Hausa. Ta durƙusa gaban Inna tana murmushi, tana lallashinta kamar yarinya, ta ce ba wuya, kalma ɗaya ce.

Inna ta miƙe, ta saɓa Auta a kafaɗa, ta fita. Ba ta yi sauri ba. Na bi ta da ido har ta wuce famfo ta fita ƙofar lekkol.

Ba ta koma ba. Mai ƙosai ta yi ta zarya, Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi. Inna ta ce ita ba za ta je a tsiraita ta gaban maza da yara ba, Allah da ya ba da ciwon shi zai ba ta bakin magana in ta je can. Sanyi ya shigo sosai, ruwan randa na ƙanƙara da asuba. Kowace safiya in na fito na ga duwatsu sun yi ja da hasken rana, abin da ke zuwa raina shi ne an rage kwana ɗaya kafin kira. Na daina iya karatu. Ina riƙe da littafi ina hango Inna a wani dogon baranda mai fararen ƙofofi, Auta a hannunta ta yi laushi, tana tsayar da mutane suna wucewa. Na shirya kalmomin da za ta buƙata a kaina, na jera su daga wadda ta fi gaggawa, na cire masu wuyar faɗa na sa masu sauƙi. Na san su duka, muna kwana gida ɗaya, tsakanina da ita bango ne kawai, amma ba hanyar da zan ba ta su. Na taɓa gwadawa. Na tsaya a ƙofar kicin ina faɗin "zazzaɓi" da Larabci da ƙarfi, kamar ina bitar darasina. Matan gidan suka leƙo, ɗaya ta ce, "A'a, yau ɗan fari ya zama malamin uwarsa?" Inna ta jawo ƙyauren kicin ta rufe.

Wata ranar Laraba da hantsi, muna tsakiyar lissafi, mai gadin lekkol ya leƙo ya ce ana nemana a asibiti. Na yi gudu har can. Baba ya tafi dowan, wurin 'yan kwastan, karɓar kaya, ba a same shi ba. Na tarar da Inna tsaye bakin ƙofar ɗakin gaggawa, ba takalmi a ƙafarta ɗaya. An karɓi Auta an sa mata iska a hanci. Wata ma'aikaciyar jinya na tambayarta, tun yaushe, ta yi amai, ta sha maganinta na safe, Inna na kallon bakinta tana girgiza kai tana cewa, "Ba ta numfashi, ba ta numfashi," da Hausa. Da ta gan ni sai ta juya fuska ga bango ta fara zubo magana, "A gaya musu tun asuba take tari. A gaya musu ta sha maganin ta amayar. A gaya musu ta sandare a hannuna." Na fassara mata duka. Ma'aikaciyar ta rubuta, ta shiga ciki. Da la'asar Auta ta farfaɗo ta nemi ruwa.

A hanyar komawa gida ina tafe a bayansu. Na ji Inna na cewa da yarinyar da ke barci a bayanta, "Can wa za a aika a kira?"

Washegari na yi abin da ban taɓa yi ba. Na jira mu'allima a bakin buro, ofishin malamai, na tsayar da ita. Na shirya maganar tun a gida, amma da na ga ta zuba mini ido sai komai ya watse. Na ce mata a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zama kusa da shi. Ta ce, "Don me? Ba ta sonka?" Na ce tana sona. Ta ce to me ya sa. Na ce haka ake yi, kunya ce. Na gaya mata zancen Auta da asibitin Alje, na ce Inna ba baƙaƙe take buƙata ba, ba ta da lokacin alif da ba, magana take buƙata, irin wadda ake yi a titi da asibiti. Ban san ina kuka ba sai da ta miƙo mini hankici. Har yau ban tabbata ta gane zancen kunyar ba. Ta dai ce in Inna ta dawo, a ba mu bencin baya, mu yi yadda muka ga dama.

Inna ta dawo ranar Asabar, ba wanda ya ce mata ta dawo. Muka haɗa benci biyu a ƙarshen aji. Ni a wannan gefe, mai ƙosai a tsakiya, Inna a can. Ni ina koya wa mai ƙosai, Inna kuma tana koyo daga bakinta. Haka aka tsara, kowa ya yarda ba ni nake koya wa Inna ba.

"To mijina, kawo mu ji."

"Ki ce sakhana. Zazzaɓi ke nan."

"Sakaina?"

"Sakhana. Daga maƙogwaro."

"Kai, wanga yaro so kake in shaƙe ka auri yarinya. Ke, ya ce sakaina."

Inna ta ce, "Sakaina."

Tsofaffin da ke gabanmu na dariya, mai ƙosai na jin daɗi. Kowace kalma sai ta lalace kafin ta isa. Tsohuwar ba ta da haƙoran gaba, kunnenta ɗaya ya yi nauyi, ga son wasa. In na gyara mata sai ta ce na fiye tsiya, mijin kirki ba ya ƙure matarsa gaban mutane. Ba zan iya tsallake ta in gyara wa Inna ba. Sai in sake faɗa da ƙarfi ina kallon allo, ina fatan kunnen Inna ya ɗauki nawa ya bar nata. Wani lokaci yakan ɗauka. Mun yi makonni a haka, abin da Inna ta riƙe da kyau bai cika tafin hannu ba.

Sai takardar asibiti ta iso, aka sa rana. A makon nan kuma aka aiko wa mai ƙosai cewa yayanta ya rasu, ta hau motar kudu ta tafi Maraɗi.

Ranar da muka shiga aji ba ita, na zauna a gefena, Inna a nata, wurin tsohuwar a sarari tsakaninmu. Mu'allima na can gaba tana rubuta baƙaƙe. Dattijon Idlès ya waiwayo ya dube mu, ya gyara rawaninsa ya ƙara rufe bakinsa, ya juya. Ina jin ƙarar alli, ina jin numfashin Auta mai ɗan fito. Na yi tunanin shi ke nan, da abin da ta riƙe za ta tafi.

Inna ta kwance goyo, ta zaunar da Auta a wurin tsohuwar, ta gyara mata hula. Ta ce, "Auta, tambayi malaminki, in mutum zai ce 'yata ba ta numfashi, yaya zai ce?"

Na sunkuya na kalli Auta, ita kaɗai. Na ce, "Auta, ki ce binti ma titnaffash."

Auta ta sa yatsa a baki tana kallona.

Inna ta ce, "Binti ma tit..." ta tsaya. "Auta ta ce a sake."

Na sake. Ta maimaita. Na ce, "Auta, ƙarshen ne bai fita ba." Ta sake, ya fita.

A kwanakin da suka rage mun yi abin da ba mu yi ba a duk watannin baya. Kullum muna bencin baya, da safe in na sami sarari tsakanin darussa, da yamma har mai gadi ya zo rufe aji. A gida ba mu taɓa yi ba, ko sau ɗaya, matan gidan na nan. A ajin nan kuwa kowa ya riga ya ajiye girmansa a bakin ƙofa, mai furfura na tambayar jikan wani yadda ake riƙe bik ɗin rubutu, ba wanda ke da bakin yi wa wani dariya. Na koya wa Auta ku taimake ni, ku kira likita, ta yi amai, nan ke mata ciwo, ban gane ba a sake faɗa. Sau da yawa Auta kan yi barci, kanta a cinyar Inna ƙafafunta a tawa, muna ci gaba da yi mata magana. Nakan yi muryar ma'aikaciyar jinya in jefo tambaya da sauri, Inna ta daburce, ta ce, "Auta ta ce wannan malamin mugu ne." Ban sassauta ba. Na san can ba wanda zai yi mata a hankali.

Duk da haka bai isa ba, na sani, ita ma ta sani. Tana iya faɗa, amma in aka mayar mata da amsa mai tsawo sai ta ɓace. Ranar tafiya na raka su har filin jirgi. Ba ta yi mini sallama ba. Ta ce da Auta, "Ce wa wancan ya riƙa cin abinci." Ina ganin leɓunanta na motsi a layi, tana bitar kalmomin kamar mai jan carbi.

Baba ya kwana biyu can ya dawo. Ya ce ya bar su a ɗaki mai gadaje da yawa, ba Bahaushe ko ɗaya a ginin. Bayan haka shiru. Ba mu da tarho a gida. Kullum bayan lekkol nakan je shago in tsaya, Baba ya girgiza kai, in koma. Ajin tsofaffi ma na daina leƙawa, sai in bi ta bayan gini don kada in ga bencin.

Ranar da aka ce za a yi aikin ta zo ta wuce. Washegari da azahar Baba ya rufe shago muka tafi gidan tarho na bakin kasuwa, inda ake shiga ƙaramin ɗaki a buga. Ya yi ta bugawa ana cewa a jira, a sake kira. Da aka samu aka je kiran Inna, na tsaya a waje ina kallonsa ta gilashi. Na ga ya dafe bango. Na ga ya ce alhamdu lillahi, ya sake faɗa. Sannan ya ɗan saurara, ya turo ƙofa da ƙafa ya miƙo mini kan tarhon.

"An yi, ta farka. Karɓi, wai Auta ke son magana da kai."

Na kara a kunne. Ba muryar Auta ba ce. Muryar Inna ce, ta dishe, daga nesa, bayanta ana ta hayaniya da Larabci.

"Auta na tambaya. Ƙishirwa take ji, tun jiya take kuka, sun hana a ba ta ruwa. Na ce musu ruwa, na ce musu 'yata, sun yi mini magana mai yawa ban gane ba. Yaya za ta ce, yaushe za a ba ta?"

Na ce, "Auta, ki ce binti atshana, waktash tashrab. In sun amsa, ki ce su nuna miki a agogo."

Ta maimaita, ta tuntuɓe a tsakiya.

"Waktash," na ce. "A hankali. Waktash tashrab."

Ta faɗa. Ta sake faɗa ita kaɗai, daidai.

"To," ta ce. Na ji ta ajiye kan tarhon a kan tebur ba ta kashe ba, na ji takunta na nisa, sannan muryarta can ƙasan baranda tana tsayar da wata ma'aikaciyar jinya.